Wa Ke Cin Ribar? Yadda Ake Nazarin Gasa Kafin a Tsara Dabarun Kasuwanci

Wanda ya tsaya a babban filin jirgin sama ya ga yadda matafiya ke tururuwa zai rantse babu sana'a mai maiƙo kamar jigilar fasinja ta sama. Jirage a cike, tikiti da tsada, layi ba ya yankewa. Amma masu bin diddigin lissafin kamfanoni sun daɗe da sanin cewa kamfanonin jiragen sama suna cikin waɗanda ribarsu ta fi ƙaranci idan aka auna ta da jarin da aka zuba. Kuɗin suna shigowa, sai dai ba sa kwana. Kamfanoni biyu ne suka mamaye ƙera manyan jiragen fasinja, Boeing na Amurka da Airbus na Turai. Injinan kuma suna hannun 'yan ƙalilan irin su General Electric da Rolls-Royce da Pratt & Whitney. Ga masu filayen jirgi da kuɗin sauka da tashi, ga man jirgi da farashinsa ke hawa ba da shawarar kowa ba, ga ƙungiyoyin matuƙa da ke iya tsayar da aiki cak. Ta ɗaya gefen kuma ga fasinja da waya a hannu, yana kwatanta farashin kamfani goma cikin minti biyu. Kujerar da jirgi ya tashi da ita babu kowa ta tafi ke nan, ba a ajiye ta a sayar gobe, don haka kowa a shirye yake ya karya farashi ya cika ta. Pan Am, wanda a da shi ne fuskar Amurka a sararin samaniya, ya rufe a 1991.

Shi ya sa nazarin gasa da ya tsaya a kan "su wa ke sayar da irin kayana" rabin aiki ne. Tambayar da ta fi ciwo ita ce: cikin kuɗin da mai saye ya zaro daga aljihunsa, nawa ke tsayawa a hannunka, kuma wa ke da ƙarfin janye sauran? Michael Porter, malami a makarantar koyon kasuwanci ta Jami'ar Harvard, shi ya tsara wannan tunani a 1979. Ya nuna cewa ribar kowane fanni tana shan matsi daga wurare biyar: abokan hamayya da ke cikin fagen, masu samar maka da kaya, masu saye daga gare ka, sababbin shiga, da kuma wani abu dabam da zai iya biya wa mai saye buƙatar da kake biya masa. A kan wannan tsari aka gina matakan da ke tafe, amma an jera su ne yadda mai kamfani da ke da shawarar yankewa a gabansa zai bi su.

Mataki na farko: shata iyakar fagen

Kafin ka ƙirga abokan hamayya, ka san a wane fage ake kokawar. Nan ne yawancin nazari ke lalacewa tun ba a fara ba. In ka faɗaɗa da yawa, ka ce kana "harkar sufuri" ko "harkar lafiya", babu abin da za ka gani sai hazo, domin mai ƙera magani da mai asibiti da mai inshorar lafiya kowanne matsinsa dabam. In kuma ka ƙuntata, ka ce kai kaɗai ke yin kaya mai siffa kaza a yanki kaza, za ka fito ba ka da abokin hamayya a takarda, alhali masu saye suna ta sulalewa.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka ɗauki kaya biyu, ko yankuna biyu, ka tambayi kanka: masu sayensu ɗaya ne? Masu samar da ɗanyen kayansu ɗaya ne? Wanda ke yin ɗaya zai iya tsallakawa ya yi ɗayan ba tare da sabon jari mai yawa ba? In amsoshin duka i ne, fage ɗaya ne. In biyu daga ciki a'a ne, ka raba su, kowanne ka yi masa nazarinsa. Siminti, alal misali, kaya ne mai nauyi da kuɗin dakonsa ke cinye riba, don haka gasarsa ta yanki ce. Ƙwaƙwalwar kwamfuta kuwa, wato ɗan ƙaramin sashen da ke sarrafa bayanai a cikinta, ba ta da nauyi, gasarta ta duniya ce baki ɗaya. Ka rubuta iyakar a jimla ɗaya: wane kaya, ga wane mai saye, a wane yanki. In jimlar ta ƙi rubutuwa, ba ka gama mataki na farko ba.

Mataki na biyu: bi sawun kuɗin

Wannan matakin ba ya cikin jerin biyar ɗin, amma a ganina shi ne ke buɗe ido fiye da kowanne. Ka ɗauki takarda ka zana hanyar da kaya ke bi daga ɗanye har hannun mai amfani: mai samar da ɗanyen kaya, mai sarrafawa, mai dako, babban dila, mai sayar da ɗai-ɗai. Sai ka ɗauki farashin ƙarshe a matsayin 100, ka raba shi: nawa ke zuwa wa kowanne, kuma cikin abin da ya karɓa nawa ne riba, nawa ne kuɗin da shi ma ya kashe. Ba sai alƙaluman sun zo daidai wa daida ba. Ƙiyasi mai hankali ya isa ya nuna maka inda maiƙon ya taru.

Tarihin kwamfutar gida ya nuna haka ƙarara. A 1981 IBM ya fitar da kwamfutarsa ta tebur, ya sayo ƙwaƙwalwarta daga Intel, manhajar da ke tafiyar da ita kuma daga Microsoft. Ba a jima ba wasu kamfanoni suka fara haɗa irinta, kowa na sayen ƙwaƙwalwa da manhaja daga wuraren nan biyu. Masu haɗa kwamfuta suka yi yawa, suka shiga karya wa juna farashi, Intel da Microsoft kuwa suna karɓar rabonsu a kan kusan kowace na'ura da aka sayar, ko ta wa ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2005 IBM ya sallamar da wannan ɓangare gaba ɗaya ga Lenovo na ƙasar Sin. Wanda ya zauna a lokacin yana nazarin masu haɗa kwamfuta irin su Compaq da Dell kawai, zai san abokan hamayyarsa ciki da waje, amma ba zai gane dalilin da ya sa ciniki ke ƙaruwa riba na raguwa ba.

Mataki na uku: auna zafin gogayya a cikin fagen

Yanzu ka koma kan waɗanda kuke sana'a ɗaya. Ka jera su, kowanne da kasonsa na kasuwa gwargwadon abin da ka iya ganowa. Akwai wani lissafi da hukumomin hana babakere ke amfani da shi, ana kiransa ma'aunin Herfindahl da Hirschman. Kason kowane kamfani ake ninkawa da kansa, sannan a tara. A ce kamfanoni huɗu ne, da kaso 40 da 30 da 20 da 10 cikin ɗari: 1,600 da 900 da 400 da 100, jimilla 3,000. In kuma kamfanoni goma ne kowanne da kaso 10, jimillar 1,000 ce. A ƙa'idojin da hukumomin Amurka suka fitar a 2023, duk kasuwar da ta haura 1,800 ana ɗaukarta a matsayin wadda ta taru a hannun 'yan kaɗan. Amfanin lissafin a gare ka shi ne ka san ko kana cikin fagen da manya ke kallon juna suna taka-tsantsan da farashi, ko kuwa fagen da kowa ke harbi ba wanda ke iya tsawatar wa wani.

Yawan kamfanoni kaɗai ba ya faɗin komai, sai ka haɗa da wasu tambayoyi. Kasuwar tana girma ko ta tsaya? In tana girma, kowa zai iya ƙaruwa ba tare da ya taɓa na wani ba. In ta tsaya, duk sabon mai sayen da ka samu daga hannun wani ka ƙwato shi, kuma zai biyo sawu. Nawa ne cikin kuɗin da ake kashewa ba ya canzawa ko an sayar ko ba a sayar ba, kamar haya da albashi da bashin injina? In kason yana da yawa, matsin cika injin da aiki zai tura kowa ga rahusa. Kayan yana jure ajiya ko yana lalacewa? Mai saye yana iya bambance naka da na wani ido rufe?

Sai tambayar da aka fi mantawa: fita daga fagen tana da sauƙi? Jirgin ruwan dakon kwantena ba ya zama wani abu dabam, haka ma tanderun narka ƙarfe. Idan kamfani ba zai iya sayar da kayan aikinsa ya koma wata sana'a ba, zai ci gaba da aiki ko da asara yake yi, ya ja farashin kowa ƙasa tare da shi. Haka masu dakon kwantena suka yi ta fama da yawan jirage da ƙarancin kaya, har Hanjin na Koriya ta Kudu, ɗaya daga cikin manyansu, ya durƙushe a 2016, jiragensa suka maƙale a teku da kayan mutane domin tashoshi sun ƙi karɓarsu.

Kafin ka bar wannan mataki, ka yi wani ɗan lissafi da zai hana ka saurin shiga yaƙin farashi. A ce kana sayar da abu a kan 100, ya tsaya maka a kan 80, ribarka 20. Ka rage farashi da kashi 10 cikin ɗari, ya koma 90. Ribarka ta dawo 10. Ragin kashi 10 ya cinye rabin ribarka, kuma sai ka sayar da ninki biyu na abin da kake sayarwa kafin ka dawo inda kake jiya. Wannan ma in abokin hamayya ya naɗe hannu yana kallo ke nan, abin da ba ya faruwa.

Mataki na huɗu: waɗanda ke bayanka da waɗanda ke gabanka

Masu samar maka da kaya da masu saye daga gare ka, nazarinsu iri ɗaya ne, fuska ce kawai ta juya. A kowane gefe tambayar ita ce: in ciniki ya watse yau, wa zai fi shan wuya, kai ko shi?

Ka buɗe littafin sayayyarka na shekarar da ta wuce, ka jera masu samar da kaya daga wanda ya fi karɓar kuɗinka zuwa ƙasa. A gaban kowanne ka rubuta abu uku: mutum nawa ne a kasuwa za su iya ba ka irin abin da yake ba ka, wata nawa zai ɗauke ka ka koma wurin wani, kuma kai kashi nawa ne na cinikinsa. Sau da yawa wanda ya fi haɗari ba shi ne wanda ya fi karɓar kuɗi ba. Wani ƙaramin sashe ne da babu mai yinsa sai mutum ɗaya. A duniyar ƙera ƙwaƙwalwar na'ura, kamfanin ASML na ƙasar Holand shi kaɗai ke yin injinan da ake zana mafi ƙanƙantar ƙwaƙwalwa da su, don haka manya irin su TSMC na Taiwan da Samsung da Intel duk layi suke bi a ƙofarsa. Kada ka manta ƙwararrun ma'aikata ma masu samar da kaya ne, haka mai gidan da kake haya, haka bankin da ke ba ka bashi, haka dandalin intanet da kake samun masu saye ta kansa.

Sai ka juya littafin ciniki ka yi haka ga masu saye. A ce kana da masana'antar kwali, kuma kamfani ɗaya ne ke ɗaukar kashi 60 cikin ɗari na abin da kake bugawa. Ranar da jami'in sayayyarsu ya kira ya ce, "Ranka ya daɗe, mun samu tayi daga wani wuri, ƙasa da naka da kashi 8, sannan za su ba mu kwana 90 kafin biya," ba shawara yake nema ba. Ya san kwalinka da na wancan ba su da bambanci a idon mai shago, ya san injinka ba zai iya zama babu aiki ba, kuma ya san ka san haka. Ƙarfin mai saye yana ƙaruwa idan masu sayen kaɗan ne kuma manya, idan kayanka ya zama babban kaso na kuɗin da suke kashewa, idan sun san ainihin nawa kayan ya tsaya maka, ko kuma idan za su iya buɗe nasu injin su yi da kansu. Yana raguwa idan barinka zai jawo masu wahala: sake horar da ma'aikata, kwashe bayanai zuwa sabuwar manhaja, sake gwajin inganci. Kamfanonin wayar salula a Amurka sun daɗe suna cin moriyar cewa wanda ya sauya kamfani zai rasa lambarsa, har doka ta tilasta a 2003 a bar mutum ya tafi da lambarsa duk inda ya koma.

Mataki na biyar: duba ƙofa

Riba mai kyau tana kiran baƙi. Abin da za ka auna shi ne tsawon katangar da ke tsakaninka da su. Ka sa kanka a matsayin mai kuɗi da ke waje yana leƙe: jari nawa zai zuba kafin ya sayar da kaya na farko? Akwai lasisi ko izinin hukuma da ke ɗaukar shekaru? Manyan da ke ciki suna samun kaya da araha saboda yawan da suke saye? Hanyoyin rarraba kaya a buɗe suke, ko an riga an ɗaure dilolin da kwangila? Amfanin abin yana ƙaruwa ne da yawan masu amfani da shi, kamar dandalin sada zumunta, inda babu mai son zuwa wurin da abokansa ba sa nan?

Kowace katanga ka rubuta mata ranar da za ta iya faɗuwa. Takardar haƙƙin ƙirƙira, wadda ke hana wasu kwaikwayon abin da ka ƙirƙira, shekara 20 take yi daga ranar da aka shigar da buƙata. Masu ƙera magani sun san wannan rana kamar ranar haihuwarsu: lokacin da kariyar maganin Lipitor na kamfanin Pfizer ta ƙare a Amurka a 2011, masu yin irinsa da araha suka shigo, cinikinsa ya faɗi warwas. Kuma baƙon da ya fi haɗari ba sabon yaro ba ne mai neman jari. Babban kamfani ne daga fagen da ke maƙwabtaka da naka, wanda ya riga yana da masu saye, da suna, da kuɗin da zai jure asarar shekara uku.

Mataki na shida: abin da zai sa a daina buƙatarka

Nan ya kamata ka fi daɗewa, domin nan ne ido ba ya kaiwa. Abokin hamayya kana ganinsa a taron baje koli, kana ganin tallarsa. Madadi kuwa daga wani fage yake zuwa, da wani suna, sau da yawa kuma da farko ƙasa yake da naka a inganci, har ka yi masa dariya.

Hanyar gano shi ita ce ka daina faɗin abin da kake sayarwa, ka faɗi buƙatar da mai saye ke biya da shi. Kodak fim ɗin ɗaukar hoto yake sayarwa, amma abin da mutane ke so shi ne su adana fuskar ɗansu ranar da ya fara tafiya. Abin mamaki, injiniyan Kodak ne, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975. Kamfanin ya san abin yana zuwa, har ya yi kyamarorin ya sayar, sai dai ribar da ke cikin fim da sinadaran wanke hoto ba ta cikin sabuwar sana'ar, kuma daga baya wayar hannu ta haɗiye kyamarar kanta. A farkon 2012 Kodak ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi. Haka kamfanonin waya suka yi ta samun kuɗi da saƙon tes, suna sa ido a kan farashin juna, sai WhatsApp da ire-irensa suka mayar da saƙo kusan kyauta. Blockbuster yana da dubban shagunan hayar fina-finai lokacin da Netflix ya fara turo su ta intanet a 2007. A 2010 Blockbuster ya karye.

Ka rubuta jerin duk hanyoyin da mai sayenka zai iya biyan buƙatarsa ba tare da kai ko abokan hamayyarka ba, har da ya yi da kansa, har da ya haƙura gaba ɗaya. Sai ka dubi kowace hanya ka tambaya: farashinta sauka yake ko hawa? Ingancinta ƙaruwa yake? Su wa suka riga suka koma can? Yawanci matasa ne ko masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda ba ka damu da tafiyarsu ba domin ba su ne manyan masu sayenka ba. Su ne ƙararrawar farko.

Mataki na bakwai: zaɓi ɗaya ko biyu

Akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a ofisoshi: a zana jadawali, a ba kowane matsi maki daga 1 zuwa 5, a tara, a raba, a ce gasar "matsakaiciya" ce. Wannan ɓata takarda ne. Matsi guda ɗaya mai ƙarfi ya isa ya kwashe ribar fanni ko da sauran huɗun barci suke yi. Ka koma kan takardar mataki na biyu, inda ka ga maiƙon ya taru, ka haɗa ta da abin da ka gano, ka fito da jimla ɗaya: "A wannan fage, wane ne ke cin ribar, saboda kaza, kuma nan da shekara uku abin zai ƙaru ko zai ragu saboda kaza." In jimlarka ta ƙunshi duka biyar, ka sake zama.

Mataki na takwas: san manyan abokan hamayya ɗaya bayan ɗaya

Sai yanzu ne lokacin zuba ido a kan mutum biyu ko uku da suka fi kusa da kai. Abin da kake nema shi ne ka iya hasashen abin da za su yi in ka motsa. Kamfanin da ke kasuwar hannun jari yana wallafa rahoton shekara, ciki har da abin da ya ce yana tsoro. Tallar neman ma'aikata tana tona inda kamfani ya dosa tun kafin ya sanar: wanda ya fara neman injiniyoyin manhaja ko jami'an ciniki a wani sabon yanki ya gaya maka shirinsa. Ka sayi kayansu ka yi amfani da shi, ka kira sashen kula da masu saye ka ji yadda suke amsawa, ka karanta ƙorafin da jama'a ke rubutawa a kansu. Direbobin dako da diloli sun san wanda kayansa ke tafiya da wanda nasa ke kwana a sito.

Mafi daraja duka shi ne mai sayen da ya bar ka. Ka kira shi da kanka, ba don ka dawo da shi ba, ka ce kana so ka ji abin da ya sa. Zai fara cewa farashi ne, domin ita ce amsar da ba ta ɓata wa kowa rai. Ka ɗan yi shiru, ka sake tambaya. A karo na biyu ne za ka ji zancen kayan da suka makara, ko wayar da ba a ɗaga ba.

Akwai iyaka da ba a tsallakawa. Sayen sirrin kamfani daga ma'aikacinsa, ko shiga da sunan ƙarya, ko zama da abokan hamayya a tsayar da farashi ɗaya, duk laifi ne a dokokin ƙasashe da yawa, kuma na ƙarshen nan ana cin tara mai tsanani a kansa.

Mataki na tara: mayar da nazari shawara

Hanyoyi uku ne a gabanka, kuma jimlar da ka rubuta a mataki na bakwai ita za ta nuna wadda za ka bi.

Ta farko, ka nemi kusurwar da matsin ya fi sauƙi ka kafa a can. Southwest Airlines ya fara tashi a jihar Texas a 1971, a cikin wannan fanni da muka ce ba ya barin riba. Ya zaɓi gajerun tafiye-tafiye daga gari zuwa gari kai tsaye, ya fi son ƙananan filayen jirgi marasa cunkoso, ya tsaya a kan jirgi iri ɗaya, Boeing 737, don matuƙa da makanikai da kayan gyara duk su zama ɗaya. Shekaru da dama ba ya raba abinci, ba ya ba da lambar kujera. Mutanen da ya fara nema su ne waɗanda da mota za su yi tafiyar. Ya yi shekara 47 a jere yana cin riba, daga 1973 zuwa 2019. Abin lura shi ne kowane zaɓi yana tallafar ɗan'uwansa, shi ya sa manyan kamfanonin da suka kwaikwayi ɓangare ɗaya suka bar sauran ba su samu irin sakamakonsa ba.

Ta biyu, ka sauya ƙarfin da kansa. In mai samar da kaya ne ke shaƙe ka, ka raino na biyu ko da ya ɗan fi tsada, ko ka sake fasalin kayanka ya karɓi sassan da kowa ke yi, ko ka fara yi da kanka. Apple ya yi haka a 2020 da ya fara barin ƙwaƙwalwar Intel a kwamfutocinsa yana komawa tasa, ko da yake har yanzu TSMC ke ƙera masa, wato ya rage dogaro da wani ya ƙara da wani. Netflix ma da ya ga masu fina-finan da yake haya za su iya janye kayansu, ya shiga shirya nasa, kuma hasashen ya tabbata da Disney ya buɗe nasa dandalin a 2019. In mai saye ne ya yi maka yawa, kamar mai kwalin can, aikin shekara biyu masu zuwa shi ne a saukar da kashi 60 ɗin nan zuwa ƙasa da 30, ko a ƙara wa kwalin wani abu da zai sa barinsa ya yi wuya, kamar zane na musamman ko kai kaya cikin awa 24.

Ta uku, ka kwashe abin da ka iya ka koma wani fage. Fujifilm, wanda shi ma fim ɗin ɗaukar hoto yake sayarwa, ya fuskanci abin da Kodak ya fuskanta, sai ya ɗauki iliminsa na sinadarai ya shiga kayan asibiti da magunguna da kayan kwalliya. Wannan ce hanya mafi ɗaci, kuma tana yiwuwa ne kawai tun tsohuwar sana'ar tana kawo kuɗin da za a gina sabuwar.

Ko wacce ka zaɓa, ka rubuta abin da za ka daina: wane mai saye za ka bari ya tafi, wane kaya za ka cire, wane tayi za ka ƙi ko da injin na zaune. Mai son ya fi kowa araha kuma ya fi kowa inganci kuma ya yi wa kowa hidima yakan ƙare a tsakiya, mai araha ya fi shi araha, mai inganci ya fi shi inganci. Takardar dabarun da babu "ba za mu yi ba" a cikinta jerin buri ce kawai.

Mataki na goma: sa masu gadi

Nazarin nan hoto ne na rana ɗaya, fagen kuwa motsi yake. Akwai kuma abubuwa biyu da ba su da gurbi nasu a cikin biyar ɗin amma suna juya su duka. Ɗaya gwamnati ce: lokacin da Amurka ta cire hannunta daga tsayar da farashin tikiti da raba hanyoyin jirage a 1978, katangar shiga ta faɗi, gogayya ta yi zafi, duk a lokaci guda. Ɗayan kuma kayan da ke tafiya tare da naka ne, kamar tashoshin caji ga motar lantarki ko manhajoji ga wayar hannu, waɗanda yawansu ko ƙarancinsu ke ɗaga darajar kayanka ko ya kayar da ita.

Don haka ka fitar da alamu uku ko huɗu daga cikin nazarin, waɗanda ake iya ƙirgawa: kason babban mai sayenka a cikin ciniki, tazarar farashi tsakaninka da madadin da ka fi tsoro, adadin sababbin lasisin da hukuma ta bayar, ranar ƙarewar wata kwangila ko takardar haƙƙin ƙirƙira. Kowace alama ka ɗora ta a wuyan mutum ɗaya da sunansa, ya riƙa kawo rahotonta duk wata uku, kuma tun yau ku amince a kan adadin da in ta kai shi za a kira taro a sake buɗe takardar mataki na biyu.